Hutun da Ba a Ba Ruƙayyatu Ba

Shafi na 19

Da sunan Allah nake buɗe wannan shafi, Shi ne ya san abin da bayi ke ɓoyewa.

Masu ja wa Kawu Maccido Allah ya isa a ƙarƙashin shafin da ya wuce, duk na karanta. Har da baiwar Allahn da ta biyo ni ta waya, wai in kwatanta mata ƙofar gidansa a Illela. Hajiya, ki jingine taɓaryar tukuna, ki karanta wannan.

Wanda yau ya shigo kuma, ga inda muke. Ruƙayyatu ma'aikaciya ce a wani kamfanin taki da iri, ita ke zagaya ƙungiyoyin mata manoma a Araba da Garu da Darna Sabon Gari, a bayan babur. Manajan reshen Illela kawunta ne, yayan mahaifiyarta, Alhaji Maccido. Da cikinta na fari ya shiga wata takwas, jininta ya hau, likita ya rubuta mata takardar hutun haihuwa. Ta ba mijinta Mukhtari ya kai wa Kawu. Amsar da ya dawo mata da ita ita ce, Kawu ya ce ta daure har a gama rabon taki. Ta daure sati huɗu. A hanyar Garu jini ya ɓalle mata. Yaron namiji ne, bai zo da rai ba.

Yau kwana goma sha tara.

*

Fitowarta ke nan daga wanka, jikinta na tururi, Inna, mahaifiyarta, na bayanta da ragowar ganyen darbejiya a hannu. Jaririn ya tafi, amma wankan jego bai tafi ba. Safe da yamma Inna ke tafasa ruwa a tukunyar da aka saya don murna.

Wayarta ta yi ƙara a kan katifa. Saƙo ne daga hedikwatar kamfanin a Sakkwato.

Ta karanta sau ɗaya. Ta sake karantawa.

Wai ta yi kwana goma sha tara ba ta zo aiki ba, ba tare da izini ba. Wai babu wata takarda a fayil ɗinta. In ba ta kawo bayani kafin ranar Alhamis ba, za a ɗauka ta ajiye aiki da kanta, a ba wata gurbinta.

Ba ta yi kuka ba. Dariya ta yi, wata irin dariya da ta sa Inna sakin ganyen.

"Mi na na, Ruƙayyatu?"

"Ba komi, Inna."

"Ba komi kika dariya haka?"

"Aiki na. Sun ce ban zo ba."

Inna ta tafa hannu. "Maccido na ko? Bai ishe shi ba? Walle tun ranar da anka rufe yaron ga ban ƙara ɗaga kirannai ba, kuma ba ni ɗagawa. Sha kununki ki kwanta. Mai jego ba ta hita, ko arba'in ba ki kusa ba."

Ruƙayyatu ta ce to. Ta jira har Inna ta shiga madafa, ta ɗaure ƙirjinta tam da ɗankwali, don har yanzu nono bai daina zuwa ba. Ta zura hijabi. Ta fice.

Aikin nan shekara uku tana riƙe da shi. Shi ta biya da ɗanta. Ba za ta zauna a ɗaki a karɓe shi ta waya ba.

Wani ɗan kabu-kabu ya tsayar da babur a gabanta, ta girgiza kai tun bai yi magana ba. Keke napep ta tsayar. Litinin ce, gari bai gama wartsakewa daga kasuwar jiya ba, ga taɓon ruwan sama ko'ina. Duk ramin da keken ya faɗa sai ta ji shi a mararta.

*

Safiyya, sakatariyar ofishin, na ganinta ta miƙe tsaye har kujera ta kife.

"Innalillahi! Ruƙayyatu, ke ta? Wa ab bar ki kinka hito?"

"Kawu shina ciki?"

"Shina ciki, amma zamna ki huta, dibi yadda kika haki."

Ba ta zauna ba. Ta tura ƙofar.

Ku da kuka biyo labarin nan kun san Ruƙayyatu. Tun tana yarinya ba ta taɓa shiga gaban Kawu ba ta durƙusa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. Yau a tsaye ta shiga, da takalminta.

Alhaji Maccido ya ɗago daga takardun da ke gabansa, ya zare tabarau.

"Ɗiyata? Subhanallahi. Mi ya hiddo ki?"

Ta ajiye wayar a kan teburinsa. "Karanta, Kawu."

Ya mayar da tabarau, ya karanta. Fuskarsa ta faɗa.

"Na sani. Sun aiko min kwahin saƙon da sahe. Na hwaɗa musu tun ranar farko ba ki da lahiya, sunka ce a aika takardar asibiti. Sau biyu nika aika wa Mukhtari shi kawo ta, hal yau shiru."

"Ba ni da lahiya," ta maimaita. "Haka kac ce musu? Ciwon kai nika yi, Kawu?"

Ya kau da kai.

"Haihuwa niy yi."

Kalmar ta faɗo a ɗakin. Safiyya da ke bakin ƙofa ta dafe ƙirji. Kawu ya sunkuyar da kai kamar shi ne yaron.

"Haihuwa niy yi, ɗana ya mutu. Ban gan shi ba. Cikin zanen Inna anka naɗe shi anka tahi da shi ina kwance. Kai ka sa shi kabari, an hwaɗa min. Ka san nauyinai, ni ban sani ba."

"Ruƙayyatu, ki ji tsoron Allah ki zamna, jikinki…"

"Yau kas san jikina? Likita ya rubuta in huta. Ya rubuta jinina ya hau, kar in ƙara hawa babur. Sati shida kahin haihuwa, sati shida bayanta, hakkina na, ba alhwarma ba. Kac ce in daure a gama rabon taki. Na daure. An gama rabon, Kawu? Kowa ya samu takinai?"

Kawu ya ɗago a hankali.

"Ni nic ce ki daure?"

"Kai."

"Yaushe?"

"Ranar da Malam ya kai maka takardar."

Malam take kiran mijinta. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba tun da aka ɗaura aure.

"Wace takarda?"

Ta buɗe baki, ta rufe.

"Kawu, kar ka yi min haka. Na roƙe ka. Ka ce ka yi kuskure, in yahe maka ko in ƙi, amma kar ka ce ba ka gan ta ba."

Tsohon ya miƙe. Ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko ƙaramin Alƙur'anin da yake karantawa bayan azahar, ya riƙe da hannu biyu.

"Ina da alwala. Na rantse da wanda ya saukar da littahin ga, ban taɓa ganin takardarki ba. Ba gida ba, ba ohis ba. Ban taɓa cewa ki daure ba, ko cikin barci."

Sai a lokacin ta zauna.

Safiyya ta fita da sauri ta dawo da babban littafin da take rubuta duk takardar da ta shigo ofis. Ta buɗe watan Yuni, ta bi layi-layi da yatsa.

"Babu," ta ce. "Na san babu, don ni ka rubutawa. Da kinka ce min an ce ki daure, na ɗauka gida kunka yi maganarku, tunda ta dangi ta. Hal na yi kwana uku ba ni gaishe da Alhaji da kyau."

Kawu ya ce, "Ashe shi na dalili."

Safiyya ta dube ta. "Mi ya hana ki ba ni ita hannu da hannu, Ruƙayyatu? Tebur guda tsakaninmu."

"Inna ta hana." Muryarta ta yi ƙasa. "Tac ce ba a yin haka. Cikin fari na, ba shi kyautu Kawu shi ji ta bakin sakatariya. Miji ka zuwa shi sami babba gida, shi ba shi cikin mutunci."

"Ke kau ba ki iya kirannai ga waya."

"In ce mishi mi?"

Safiyya ta juya wajen Kawu. Yarinya ce a gabansa, amma yau ba ta tauna maganarta ba.

"Kai hwa, Alhaji? Ba ka gani ba? Hijabi ba shi ɓoye wata takwas. Ƙahwahunta sun kumbura hal takalmi ba shi shiga."

"Na gani."

"To?"

"Ɗiyar ƙanwata ta, Safiyya. Ga hannuna ta girma. In kira ta in ce mata mi?" Ya share fuska da tafin hannu. "Kullum in na shigo sai na dibi bisa teburin ga ko takarda ta zo. Sai in kira Idi mai tuƙa ta in ce shi tahi sannu, shi kauce wa ramu. Iyakar abin da bakina ya iya ke nan. Ran nan na gamu da Mukhtari bakin masallaci, nic ce, iyali lahiya? Ba wani saƙo? Yac ce lahiya lau, Kawu."



Ni dai da nake rubuta muku wannan, raina a ɓace yake. Mutum huɗu, kowa da idonsa, kowa ya ga cikin nan yana girma. Kowa yana jiran wani ya fara buɗe baki. Kunya abu ce mai kyau, da ita aka raine mu, amma ba a yi ta don a bar mace mai hawan jini a bayan babur ba.

Kawu ya ɗauki wayarsa.

"Mukhtari. Kana ina? To bar shagon, ka zo ohis yanzu. A'a, yanzu nic ce."

*

Minti ashirin suka yi suna jira. Safiyya ta kawo ruwa, Ruƙayyatu ba ta taɓa ba.

Tana ta neman hanyar da za ta fitar da mijinta daga laifi. Wataƙila ya ba wani yaron gidan Kawu ya kai ciki, yaron ya yar. Wataƙila wani ya amsa masa da sunan Kawu. Mutumin da yake tashi ya dafa mata shayi in ƙafarta ta hana ta barci. Mutumin da ya sayo ƴan kayan jarirai daga Ƙonni, tsallaken boda, ya ɓoye a shago don kada Inna ta ce sun yi rashin ta ido. Ranar da aka dawo daga maƙabarta har ya fi ta kuka, kowa ya yaba masa.

Sai ta ji ƙarar babur ɗinsa. Ko cikin babura ɗari tana gane shi. Roba-roba ne ja, a kansa yake kawo ta ofis kowace safiya, ya sauke ta a gindin dogon yaron da ke ƙofa, sannan ya wuce shagonsa na atamfa a hanyar boda.

Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa. Yana ɗagowa ya gan ta.

Duk wanda ya ga fuskarsa a wannan lokacin ba ya bukatar tambaya.

"Ke… mi kika yi nan? Inna ta san kin hito?"

Kawu ne ya yi magana.

"Mukhtari, ɗiyata ta ba ka takarda ka kawo min?"

Mukhtari ya sunkuyar da kai.

"Da kai nika magana."

"Ta ba ni, Kawu."

"Ka kawo min?"

"Na zo."

"Ban tambaye ka ko ka zo ba."

Mukhtari ya zame daga durƙuson ya zauna daɓas a kan siminti.

"Na zo, walle na zo. Bayan la'asar. Na ishe ka zaure da dattawa, kuna huɗu. Na gaishe ku, na zamna bakin ƙohwa. Tana cikin aljihuna, hannuna bisanta. Kac ce, Mukhtari, lahiya? Sai bakina ya mutu." Ya dafa aljihun. "Kawu, ƙaƙa nika miƙa wa surukina takarda gaban mutane, takardar da ta ce matata na da ciki? Kowa ya san abin da ka kawo ciki. Nic ce gaisuwa niz zo. Nic ce gobe in dawo, in kana kai ɗai."

"Ka dawo?"

"Da niz zo gida na ishe ta bakin ƙohwa tana jirana. Tac ce, mi Kawu ya ce? Na ji nauyin in ce ban iya ba. Sai nic ce ya ce ki daure kwana biyu. Kwana biyu kawai nika nuhi, Allah shina gani. Washegari kayana sunka maƙale Ƙonni, na kwana biyu can. Da na dawo…"

"Da ka dawo?"

"Kwanan watan da likita ya sa ya wuce. In na kawo ta, za ka ce ina take tun ranar. In na hwaɗa mata, za ta san ƙarya niy yi. Sai na ga tana zuwa aikin tana dawowa lahiya. Nic ce saura kaɗan a gama rabon."

Safiyya ta kasa haƙuri. "Ko dai albashin kaka tsoron a rage? Doka ta ce ko rabi na a ba mai hutun haihuwa, kamfanin ga kau duka shika biya. Da ka tambaye ni."

"Ba kuɗɗi ba na." Ya girgiza kai, hawaye na bin gemunsa. "Da kuɗɗi na da sauƙi."

Duk wannan Ruƙayyatu ba ta motsa ba. Da ta yi magana, muryarta a kwance take, har ta fi ihu ban tsoro.

"Sau nawa nit tambaye ka?"

"Ruƙayyatu…"

"Sau nawa?"

"Ban ƙirga ba."

"Ni na ƙirga. Bakwai. Ranar da idona ya rinƙa ganin duhu nic ce ka koma ka roƙe shi. Kat tahi, kad dawo, kac ce Kawu ya ce saura Garu kawai. Ina kat tahi ran nan?"

Ya share hawaye da hannun riga.

"Ina kat tahi?"

"Wurin mai shayi. Na zamna awa guda, na dawo."

Kawu ya ce, "La'ilaha illallahu," ya koma kujerarsa.

"Da Kawu ya zo gaisuwa na juya mishi baya," ta ci gaba. "Kana tsaye. Inna ta ce ba ta da wa duniya, kana ji. Kwana goma sha tara muna tsine wa bawan Allahn ga, kai kana kawo muna itacen wanka."

"Na so in hwaɗa. Kullum nika so."

"Ina takardar?"

Idonsa ya tafi taga. Ta bi idon. Babur ɗin na tsaye a gindin dogon yaro.

Ta miƙe.

"Ki zamna in ɗauko," ya ce da sauri.

"Tare za mu."

Su huɗu suka fita. Masu lodin buhuna a ƙofar sito suka tsaya suna kallo, Kawu ya daka musu tsawa suka koma ciki.

Mukhtari ya ciro makulli. Sau biyu yana zurawa yana kuskurewa. A na uku ya murɗa, kujerar babur ɗin ta ɗaga.

A cikin ramin akwai takardun babur a leda, da sufana, da wani tsumma mai baƙin mai. Ya ɗaga tsumman.

Farar ambulan ce, amma ta koma ruwan ƙasa, gefenta ya sha mai. Ba a buɗe ta ba. A bayanta ga rubutun Ruƙayyatu, wanda ta zauna ta tsara da kyau saboda girman wanda za a kai wa: Zuwa ga Manaja, Alhaji Maccido.

Ta daɗe tana kallon ambulan ɗin. Sannan ta kalli kujerar da ke ɗage. Gefen baya ya ɗan lotsa, daidai inda take zama.

"Nan take tun ranar?"

"Na ji tsoron ki gan ta cikin aljihu in za ki yi wanki."

"Kullum da sahe, in ka ɗauko ni," ta ce, "bisanta nika zamne?"

Ya runtse ido.

Ta sa hannu ta ɗauki takardarta. A daidai ƙirjinta hijabin ya jiƙe, ɗankwalin da ta ɗaura ya kasa. Safiyya ta gani, ta cire mayafinta ta yafa mata, ta riƙe ta suka koma ciki.

*

Safiyya ce ta yage ambulan ɗin. Ta shimfiɗa takardar likitan a kan tebur, ta ɗauko wani fom daga kabad ta ajiye kusa da ita.

"Ki saurare ni da kyau, don Alhamis ba ta da nisa. Ƙa'idar kamfanin ga ba ta ce sai ɗa ya rayu ba. Haihuwa tac ce. Sati shidan bayan haihuwa naki na, ba mai taɓa aikinki cikinsu. Ga takardar likita da kwanan wata da hatimi, in mun haɗa da ta asibitin da kinka haihu, magana ta ƙare. Abu guda ya rage."

Ta ɗora yatsa a ƙasan fom ɗin, inda aka bar layi huɗu babu rubutu.

"Dalilin da ya sa takarda ba ta iso kan lokaci ba. In kinka bar wurin ga hwanko, ba su karɓa. Na ga an maido na wata daga wani reshe saboda shi. Kuma ke ka rubutawa da hannunki, ki sa hannu."

Kawu ya jawo fom ɗin gabansa ya duba, ya tura mata.

"Rubuta ta iso gare ni na manta da ita."

"Alhaji!" Safiyya ta zaro ido. "Ka san mi kaka hwaɗi? Manaja ya riƙe takardar likita, ya bar mai ciki bisa babur hal ɗa ya mutu? Ba su tsayawa ga kora. Shekara biyu ta rage maka ka yi ritaya da mutuncinka."

"Na sani."

"To don mi?"

"Don na gani ban yi magana ba. Laihin da za ta rubuta ba shi na nawa ba, amma ina da nawa." Ya dubi Ruƙayyatu, karo na farko a ranar da ya dube ta sosai. "Ɗiyata, uwarki ta riga ta yanke ni, ta saba. In ta ji gaskiyar ga, ba ta bari ki ƙara kwana gidan yaron ga. Kin rasa ɗa. Kar ki rasa amre cikin wata guda. Ni tsoho na, ki aza min."

Mukhtari na durƙushe a bakin ƙofa. Ya ji duk abin da aka ce.

Nan ne wurin, jama'a. Nan ne ya kamata ya miƙe ya ce a'a, Kawu, ni na yi, ni za a rubuta. Baki ɗaya kawai zai buɗe. Ruƙayyatu ta juya ta zuba masa ido, ta ba shi lokaci. Ta ƙirga a ranta har goma, ta ƙara wani goman.

Ya ɗago ya dube ta, ya dubi Kawu. Laɓɓansa suka motsa.

Sai ya mayar da kansa ƙasa.

Wani abu da ya rage a zuciyarta ya mutu a wurin, ta ji mutuwarsa sarai.

"Safiyya, ba ni biro."

Safiyya ta miƙa mata. Ta gyara zama, ta jawo fom ɗin, ta cire murfin biron ta ajiye a gefe.

"Mukhtari."

Shekara biyu da aure, yau ne sunan ya fara fita daga bakinta, kuma a gaban Kawu.

"Ranar da kat tahi zauren Kawu da takardata cikin aljihunka, nawa ga wata?"

Ya yi wata magana can cikin maƙoshi.

Ta ɗora bakin biron a kan layin farko.

"Ban ji ba," ta ce. "Ɗaga murya, yadda surukinka zai ji."